Mai karanta takun dattijo

Ranar da ake duba lafiyar maniyyata a Gusau, na raka kawuna, sai hankalina ya koma kan wata ma'aikaciyar jinya har na kusa manta abin da ya kawo ni. Wani dattijo daga Bunguɗu ya zauna gabanta, rawani tsaf, carbi a hannu. Ta gaishe shi a ladabce, ta tambayi iyali da gona, sannan ta ce, "Baba, don Allah a ɗan miƙe a je wurin ƙofar can a dawo." Ya yi murmushi ya ce, "Lahiya lau nike, ɗiyata." Ya dafa gwiwa da hannu biyu, ya yunƙura sau biyu kafin ya tashi. Ita kuwa idonta na kan agogo da ƙafafunsa.

Abin da ta yi awo ne da likitocin tsofaffi suka sani: mutum ya tashi daga kujera, ya taka mita 3, ya juyo ya zauna. In ya haura daƙiƙa 12, akwai fargabar faɗuwa. Ba na'ura, ba kuɗi, amma ta san cewa wannan bawan Allah zai yi sa'ayi tsakanin Safa da Marwa, tafiyar da ta ɗara kilomita 3, bayan ya gama ɗawafi cikin turmutsutsu. Nan take ta rubuta cewa a tanadar masa keken guragu, ta kuma lallashe shi da cewa ɗawafi a kan keke ɗawafi ne cikakke.

Wannan ilimi yana da tushe a makaranta. Ana koyar da shi a jami'o'i irin su Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato da Ahmadu Bello a Zariya, kuma Kwalejin Kimiyyar Lafiya ta Tsafe tana yaye ma'aikatan da ke fara ganin tsoho tun daga ƙauyensa. Kula da tsofaffi a matsayin fanni mai zaman kansa bai daɗe a Najeriya ba, domin sai a 2012 aka buɗe cibiyarsa ta farko a asibitin koyarwa na Ibadan. Mai duba lafiyar maniyyata yana buƙatar sanin abu biyu a haɗe: yadda cunkoson birni ke taɓa lafiya, da yadda jikin da ya manyanta ke ɗaukar wahalar hanya. Babu inda biyun suka haɗu kamar Mina, garin tantuna da ke cika ya watse cikin 'yan kwanaki. A 2024 mutum fiye da miliyan 1.8 suka yi aikin Hajji, zafi ya kai digiri 51.8 a Makka, kuma hukumomin Saudiyya suka ce mutum 1,301 sun rasu.

Inda gwanintar ta fi burge ni shi ne maganar ruwa. Idan mutum ya tsufa, ƙishirwa kan daina sanar da shi da wuri, gumin da ke sanyaya jiki ma yakan ragu. Ga kuma kunya irin tamu. Alhazan Zamfara sun yi shekaru da dama suna tashi daga Sakkwato, a bi ta Bunguɗu da Maru da Talatar Mafara a mota, a zauna jiran jirgi, sannan a yi sa'o'i a sama. Dattijuwar da ba ta son ta ce a tsaya mata ta kama ruwa sai ta ƙi shan komai tun asuba. In tana shan maganin hawan jini mai sa fitsari, wataƙila shi ma ta ajiye shi. Ma'aikaciyar da ta san aikinta ba ta jira a faɗa mata wannan. Na ji ta ce wa wata, a hankali, "Inna, a jirgi akwai makewayi, zan sa 'yar rakiyarki ta nuna miki. Ki riƙa kurɓa ko ba ki ji ƙishi ba."

Sai mai ciwon suga, wanda ta sa ya cire takalmi ta duba tsakanin yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Ciwon kan kashe jijiyoyin ƙafa, mutum ya taka kwalta mai zafi a hanyar jifan shaiɗan ya ƙone bai sani ba. Ta ce ya sayi silifa biyu, ɗaya a ƙafa ɗaya a jaka, domin takalmi na ɓata a ƙofar masallaci.

Sai maganar rigakafi: allurar sanƙarau da ta shawara da ɗigon shan inna sharaɗi ne na shiga Saudiyya ga maniyyatanmu, kuma ba a buƙatar dogon bayani ga Bazamfaren da ya ga annobar sanƙarau ta 2017.

Mafi wuyar aikin shi ne samun gaskiya daga bakin mai ita. Mutumin da ya shekara ashirin yana tara kuɗin gero da na shanu don kujerar Makka ba zai yi saurin cewa ƙirjinsa na ciwo ba, yana tsoron a hana shi tafiya. Shi ya sa ba ta tambayar ko yana da ciwo. Cewa take, "Baba, a nuna mini magungunan da ke aljihu." Dattijon Bunguɗu ya yi jim, sannan ya zaro wani ƙullin leda. Ta baje ƙwayoyin a tebur, ta ware na safe da na dare, ta zana rana a kan wata ambulan, ta zana jinjirin wata a kan ɗayar, ta miƙa masa da hannu biyu.