BABI NA HUƊU: ƘAGAGGEN LABARI DA GYARAN ZALUNCI A CIKIN AL'UMMA

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin zubi da tsarin littattafan Balaraba Ramat Yakubu guda biyu, wato Alhaki Kuykuyo Ne da Wa Zai Auri Jahila?, waɗanda aka buga a shekarar 1990. A wannan babi kuwa za a duba ko ƙagaggen labari yana iya taimakawa wajen kawar da zalunci, ko kuwa iyakarsa ya nuna ciwo ya bar shi ba magani.

4.1 Zaluncin da Littattafan Suka Tona

Babban jigon Alhaki Kuykuyo Ne shi ne tauye haƙƙin mace a gidan aure. Tauraruwar labarin, Rabi, ta haifa wa Alhaji Abdu 'ya'ya tara, amma kuɗin cefanen da yake ba ta ba ya isar gidan. Da ya auro Delu, tsohuwar karuwa, sai ya saki Rabi ya kore ta tare da 'ya'yanta. Da sayar da abinci ta ci gaba da ciyar da su da biyan kuɗin makarantarsu, alhali kuwa shari'ar Musulunci ta ɗora wannan nauyi ne a wuyan uba.

A Wa Zai Auri Jahila? kuma, an cire Abu daga makaranta tana ƙaramar yarinya, aka aurar da ita ga Sarkin Noma, wanda ya yi sa'an mahaifinta. Ta gudu, ta koma karatu har ta zama ma'aikaciyar jinya. Ita kanta marubuciyar an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana ƙarama, don haka ba jita-jita take bayarwa ba.

4.2 Abin da Labari Yake Iya Yi

Idan aka lura, za a ga labari yana yin abin da wa'azi da jawabin hukuma ba su cika yi ba. Mai wa'azi zai ce sakin mace ba da hujja ba zalunci ne, mai sauraro ya gyaɗa kai ya wuce. Amma mai karatu yakan zauna da Rabi a ɗakinta, ya ƙirga 'yan kuɗin cefane tare da ita, ya ga ba za su kai ba. Wannan ne yake sa zaluncin da aka saba gani har aka daina jinsa ya koma sabo a idon mutum.

Haka kuma, littattafan sun shiga inda ake bukatarsu. Da Hausa aka rubuta su, farashinsu bai yi tsada ba, kuma ana ba da su haya. Ta haka suka isa hannun matan aure da 'yan mata, waɗanda kunya da kawaici suka hana su faɗin abin da yake damunsu. Abu ta nuna musu cewa auren dole ba shi ne ƙarshen rayuwa ba.

Su ma hukumomi ba su ɗauki irin waɗannan littattafai da wasa ba. A 2001 aka kafa hukumar tace fina-finai da ɗab'i a Jihar Kano, sannan a 2007 gwamnatin jihar ta ƙona wasu littattafan soyayya bisa zargin ɓata tarbiyya. Ko da an yarda da wannan zargi ko ba a yarda ba, ba a tara jama'a don ƙona abin da ba shi da tasiri.

4.3 Inda Labari Ya Gaza

Duk da haka, akwai rauni a yadda aka warware rikicin Alhaki Kuykuyo Ne. Abin da ya durƙusar da Alhaji Abdu gobarar kasuwa ce da ta cinye dukiyarsa, ba hukuncin alƙali ba, ba kuma tsawatarwar dangi ba. Wannan ya dace da sunan littafin, ya kuma sanyaya zuciyar mai karatu. To, amma matar da mijinta ya kora, rumfarsa kuma ba ta ƙone ba, wace hanya aka nuna mata? Bayan haka, maza daga cikin dangi ne suka matsa wa Rabi ta sake karɓar mijin da ya wulaƙanta ta. Ana iya cewa marubuciyar ta yi haka ne don ta nuna gaskiyar halin da mata suke ciki, sai dai tsarin da ya zalunci Rabi yana nan yadda yake har shafin ƙarshe.

Tarihi ma yana nuna cewa doka ba ta cika bin sawun labari kai tsaye ba. An buga Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa a 1934, bayan an daɗe da rufe kasuwannin bayi a ƙasar Hausa. Dokar kare haƙƙin yara ta tarayya kuwa sai a 2003 aka yi ta, Jihar Kano ta yi tata a 2023, wato shekara 33 bayan fitowar labarin Abu. Ba za a iya cewa littafin ne ya haifar da waɗannan dokoki ba.

4.4 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, za a fahimci cewa ƙagaggen labari ba ya ƙwato wa wanda aka zalunta haƙƙinsa. Wannan aikin alƙali ne da hukuma da iyaye. Aikin labari shi ne ya sa a ji zafin abin, a kira shi da sunansa, a daina fakewa da cewa al'ada ce. Hausawa kan ce sai bango ya tsage ƙadangare kan sami wurin shiga. Littattafan Balaraba sun tsaga bangon shirun da aka kewaye gidan aure da shi, saura masu iko su shiga su gyara. A babi na gaba za a kawo jawabin kammalawa da shawarwari.