"Ƙara garkuwar jiki": maganar da ta tsallake babban mataki

Duk kasuwar da ka shiga a ƙasar Kano, daga Zakirai har Sabon Gari, da wuya ka fita ba ka ji lasifika tana tallar maganin "ƙara garkuwar jiki" ba. A rediyo ma haka: wai a sha, sojojin jiki su yi ƙarfi. Kwatancen soja yana da daɗin ji, kuma akwai gaskiya a cikinsa, domin yaron da tamowa ta kama jikinsa ba ya iya faɗa da cuta sosai. Amma kwatancen ya bar tambaya guda: wa ke nuna wa sojan abokin gaba?

Ƙwayoyin T, waɗanda su ne manyan mayaƙan, ba sa gane ƙwayar cuta ko da ta gifta ta gabansu. Sai an kamo ta, an daddatsa furotin ɗinta, an ɗora guntun a kan wani faifai da ake kira MHC, sannan su duba. Wannan guntun shi ne antijin da suke gani. Peter Doherty da Rolf Zinkernagel ne suka gano wannan sharaɗi a 1974, suka kuma sami kyautar Nobel a kansa a 1996.

Faifan iri biyu ne. Na farko, MHC I, kusan kowace ƙwayar jikinka tana da shi. Kamar a ce kowane gida ya ajiye ɗanɗanon abin da yake dafawa a ƙofa. In bairos ya shiga ƙwaya, guntunsa zai bayyana a faifan, sai ƙwayar T mai alamar CD8 ta kashe ƙwayar baki ɗaya. Na biyu, MHC II, na 'yan sintiri ne, musamman ƙwayoyin dendiritik da Ralph Steinman ya bayyana a 1973. Su ke yawo a fata da maƙogwaro, su tsinci baƙo, su kai guntunsa wurin ƙwayoyin T masu alamar CD4, masu ba sauran umarni. Ina ake wannan haɗuwa? Ka tuna kaluluwar da ke fito maka a matsematsi in ka ji ciwo a ƙafa? To nan ne zauren da ake gabatar da baƙon.

Ga inda tallar ta karye. Kowace ƙwayar T guntu iri kaɗan kawai take ganewa, kuma wadda ta dace da sabuwar cuta ɗaya ce cikin dubbai masu yawa. Kafin a same ta, ta hayayyafa ta zama runduna, sai an yi kwanaki, mako guda ko fiye. Zogale abinci ne mai kyau, ka ci kwaɗonsa, amma ba ya ɗauke da guntun wata cuta balle ya nuna wa jiki kamanninta. Ƙarfi babu ganewa kuwa masifa ne: a ciwon suga nau'i na ɗaya, ƙwayoyin T ne da kansu ke hallaka ƙwayoyin da ke yin insulin.

Faifan ma ba iri ɗaya ba ne ga kowa, gadonsa ake yi daga uwa da uba. A 1991 Adrian Hill da abokan aikinsa sun nuna cewa yaran Gambiya masu nau'in HLA-B53, wanda ya yawaita a Afirka ta Yamma, ba su cika kamuwa da maleriya mai tsanani ba. Ka ga ke nan, wani abin ba a kwalba yake ba.

Me ya sa za ka damu da wannan bambanci? Saboda mashaƙo. Tun daga ƙarshen 2022 cutar ta ɓarke a Najeriya, Kano ce ta fi shan wuya, kuma akasarin waɗanda ta kama yara ne da ba a kammala yi musu rigakafi ba. Gubar mashaƙo tana toshe maƙogwaro, ta taɓa zuciya, ba ta jiran jiki ya gama neman ƙwayar T da ta dace. Allurar Penta da ake yi wa jariri a mako 6, 10 da 14 tana ɗauke da gubar da aka kashe wa kaifi. 'Yan sintiri su kai guntunta kaluluwa, ƙwayoyin CD4 su sa ƙwayoyin B su ƙera makarinta, jiki ya riƙe kamanninta tun kafin ta zo da gaske. Maimaitawar ce ke sa ya riƙe da kyau, shi ya sa allura ɗaya ba ta isa.

Saboda haka in mai lasifika ya ce maganinsa yana ƙara garkuwa, tambaye shi: garkuwa daga wace cuta, kuma me maganin ya nuna wa jiki? In ka koma gida, ka ɗauko katin rigakafin yaranka ka duba ko Penta ta cika uku.