Layin Dogo na Al-Ubayyid da Alhazan Ƙafa: Tarken Wasu Littattafan Tarihi

Wannan takarda za ta duba yadda manazarta suka rubuta tarihin layin dogon da ya tashi daga Kartum ya bi ta Wad Madani da Sinnar, ya haye Farin Kogin Nilu a Kosti, ya dire a Al-Ubayyid cikin ƙasar Kordofan. An buɗe shi a 1912, wato kusan lokaci guda da layin da ya iso Kano, kuma faɗin titin nasu ɗaya ne, milimita 1,067. Sai dai layukan biyu ba su taɓa haɗuwa ba. Na Sudan ya ƙara gaba zuwa Niyala a 1959, na Nijeriya ya tsaya a Maiduguri a 1964. Tazarar da ke tsakani da ƙafa da jaki aka riƙa cin ta, daga baya kuma da babbar mota.

Littafi na farko da ɗalibi zai ci karo da shi shi ne Sudan Transport na Richard Hill, wanda ya fito a 1965. Hill ya yi shekaru yana aiki a hukumar jiragen ƙasa ta Sudan, don haka ya san takardunta ciki da bai. A nan ƙarfin littafin yake, a nan kuma rauninsa yake, domin da idon hukuma ya kalli layin. A wajen hukuma dalilin kai dogo Kordofan shi ne a kwaso ƙaro zuwa bakin teku, kamar yadda dogon Kano ya koma kwasar gyaɗa. Wannan gaskiya ne, amma wanda ya tsaya a kanta zai ɗauka buhuna kaɗai jirgin ya yi wa amfani. Ahmad Alawad Sikainga ya faɗaɗa fagen a City of Steel and Fire na 2002, inda ya mai da hankali kan ma'aikata da ƙungiyarsu. Sai dai jigonsa garin Atbara ne, cibiyar hukumar da ke arewa, ba ƙauyukan da layin yamma ya ratsa ba.

Wajen masu nazarin aikin hajji ne mai karatu zai sami fasinjan. J. S. Birks, a Across the Savannas to Mecca na 1978, ya bi hanyar alhazan ƙafa daga Afirka ta Yamma. Ga Bahaushen da ya baro Kano ko Katsina ya keta Barno da Wadai da Darfur, Al-Ubayyid ce inda doguwar tafiyar ƙafa take iya ƙarewa, in akwai kuɗin tikiti zuwa Bur Sudan ko Sawakin. Sau da yawa guzuri ya riga ya ƙare. Sai mutum ya tsaya neman abin da zai ci gaba da shi, kuma layin ya bi ta inda ake neman ƙwadago, musamman bayan kammala madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, lokacin da gonakin auduga na Jazira suka buɗe. Kusa da Sinnar ɗin ne garin Mai Wurno yake, wanda Muhammadu Bello Mai Wurno ya kafa, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru da ya rasu a yaƙin Burmi a 1903. Mark Duffield ya yi littafi guda a kan wannan gari a 1981.

Wanda ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne Permanent Pilgrims na C. Bawa Yamba, 1995. Ra'ayinsa shi ne Hausawan Sudan, har jikoki da tattaɓa-kunne, suna kallon kansu a matsayin matafiya masu niyyar Makka. Ra'ayi ne mai jan hankali, kuma ya girmama abin da mutanen suka faɗa da bakinsu. Duk da haka yana da haɗari in aka karanta shi shi kaɗai. Wanda aka laƙaba wa sunan matafiyi na dindindin yana da sauƙin a ce masa baƙo. Dokar zama ɗan ƙasa ta Sudan ta 1957 ta nemi a nuna cewa kakannin mutum suna ƙasar tun ƙarshen 1897, ke nan duk wanda ya shigo a zamanin jirgin Al-Ubayyid ya makara, kafin a sassauta sharaɗin daga baya. Iyalin da suka yi shekara hamsin suna tsinkar auduga a gefen layin sun zauna, ko da zuciyarsu tana Makka.

Akwai kuma matsalar suna. Kalmar Fallata da ake amfani da ita a Sudan tana haɗa Hausawa da Fulani da Barebari wuri guda, don haka ɗalibi ya riƙa tambayar wa ake nufi duk inda ya gan ta. Haka kuma waɗannan littattafai duk sun riga yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023, wanda ya ɗaiɗaita Kartum da Umdurman, har da unguwanni irin su Dar Salam, ya kuma shiga Jazira da Sinnar, inda zuriyar alhazan ƙafa suke da yawa.