Tsohon Jirgi da Sabon Nauyi: Nazari kan Gyaran Kwale-kwale a Gulbin Rima

Mai bin hanyar Jami'ar Usmanu Danfodiyo daga cikin birnin Sakkwato dole ya ratsa fadamar Rima ta Kwalkwalawa, inda jiragen masunta ke ɗaure a bakin ruwa, wasu kuma a kife bisa gaɓa. Mai mota ba ya ko waiwayensu. Amma a watan Satumba na 2010, da ambaliya ta yanke wannan hanya, malamai da ɗalibai da mutanen ƙauyukan ƙetare ba su da abin hawa sai waɗannan jiragen katako, kuma ran kowa ya rataya ne ga aikin wani masassaƙi da ba a san sunansa ba. Abin da ya sami birni na ɗan lokaci shi ne rayuwar kullum ta mutanen Goronyo da Wurno da Silame da Shagari duk damina. Da yake haka ne, ya dace a dubi sana'ar da ke riƙe da jiragen nan a kan ruwa, wato gyara da kula. A ganina tsufan jirgi ba shi ne haɗari ba. Haɗarin shi ne mun ɗora wa tsohon jirgi inji da lodin da ba a ƙera shi dominsu ba, muka bar al'adar gyaransa inda take tun zamanin filafili da gora, sannan muka ƙyale ta tana lalacewa.

Sana'ar ba ƙarama ba ce, ba kuma baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Jirgin da aka gano a Dufuna ta jihar Yobe a 1987, aka tono shi a 1994, ya kai kimanin shekara 8,000, tsawonsa ya haura mita 8, kuma daga gungumen itace guda aka sassaƙa shi. A Kabi da Yawuri da gulaben Sakkwato, Sarkawa sun daɗe da riƙe ilimin ruwa, kuma sarautar Sarkin Ruwa ba ta ado ba ce: shi ke sanin mashigi, shi ke sanin lokacin su da lokacin hani, shi ake nema idan ruwa ya ci mutum. Jirgin gargajiya na maɗaci ko kawo, wanda aka rarake da gizago, ba shi da mahaɗa balle ta buɗe. Ciwonsa tsagewa ne, maganinsa kuma a bayyane yake ga mai shi, domin hannun da ke tuƙa shi sau da yawa shi ne ya sassaƙa shi ko ya tsaya aka sassaƙa. Da manyan itatuwa suka yi wuya a Arewa, sai jirgin falanki ya maye gurbinsa: katakai da aka jera aka haɗa da ƙusoshi, aka cusa tsumma ko auduga a tsakani, aka shafe da kwalta, inda ya fashe a buga masa langa-langa. Wannan jirgi ya fi girma, ya fi ɗaukar kaya, amma kowace mahaɗa a jikinsa ƙofa ce da ruwa ke jira, kuma kowace ƙusa tana da ranar mutuwarta.

A nan ne ya kamata a tsaya a fahimci yadda jirgin katako ke mutuwa, domin ba ya mutuwa ta inda ido ke gani. Katakon da ke nutse cikin ruwa kullum yakan daɗe, haka ma wanda ke bushe kullum. Wanda ke ruɓewa shi ne mai jiƙa yana bushewa: layin da ruwa ke tsayawa a jikin jirgi, da ƙarƙashin dandamalin da fasinja ke takawa, inda ruwan sama da laka da ɓawon gyaɗa ke kwana. Yanayin Sakkwato kuwa ya fi kowane tsananta wannan. Jirgin da aka jawo kan tudu aka bari a buɗe tun hunturu har zafin Afrilu, katakonsa zai tsuke, mahaɗai su wage, kwaltar ta tsattsage, gara kuma ta shiga ta ƙasa. Idan damina ta sauka aka tura shi ruwa, katakon zai kumbura ya rufe ɓarakar, sai mai jirgi ya ga yoyo ya ragu ya ɗauka lafiya ta samu, alhali kowane zagaye na tsukewa da kumbura yana ƙara sassauta ƙusoshi. Ƙusar baƙin ƙarfe kuma idan ta yi tsatsa ba ita kaɗai ke lalacewa ba, tana cinye naman katakon da ke kewaye da ita har ya zama kamar gari, kanta yana nan a waje yana ruɗin mai kallo. Facin langa-langa ma haka yake: yana tsayar da yoyo yau, yana ɓoye danshi a bayansa, ruɓa na ci ba wanda ya sani. Duk tsohon mai fito ya san waɗannan abubuwa, ya san amfanin bin jikin jirgi da guduma yana sauraren amon katako, da soka tsinin wuƙa inda yake zargi. Abin da ya rasa shi ne lokaci da kuɗi da wanda zai tilasta masa.

Sai ga inji ya zo. Injin Yamaha da makamantansa da ake ratayawa a bayan jirgi sun sauya fito ƙwarai, sun kusanto da kasuwa, sun kai mai naƙuda asibiti kafin dare. Amma inji yana da nauyi, yana girgiza, kuma duk ƙarfin turinsa a kan katakon baya yake sauka, wanda a jirage da dama ba a ƙara masa ƙarfi ba. Jirgin da ake turawa da gora idan ya ci karo da kututture sai ya tsaya. Wanda ke gudu da inji, ɗauke da buhunan albasa da babura, idan ya ci karo da shi sai falanki ya ɓalle. Injin da kansa yana da nasa haƙƙin: man da ake gauraya wa fetur bisa ƙa'ida, filogi, kafireta da jabun mai ke toshewa, farfelar da ciyawa da komar masunta ke naɗewa, da ɗan famfon roba da ke jawo ruwa ya sanyaya shi, wanda yashin gulbi ke cinyewa da sauri. Injin da ya mutu a tsakiyar Rima a watan Agusta, jirgi cike, babu filafili ko ɗaya a ciki, ya bar jirgin ne ya juya gefensa ga igiyar ruwa, kuma daga nan kifewa ba ta da nisa.

Za a ce ai kowa ya san abin da ke kashe mutane a ruwa: lodi fiye da kima, tafiyar dare, rashin rigar ruwa. Gaskiya ne, kuma ba wanda zai musa. Jirgin da ya kife a Shagari a Afrilun 2022 ya halaka mutum 29 na ƙauyen Gidan Magana, galibi yara da matasa. A Mayun 2023 yara 15 na Dandeji suka rasu a wannan yankin a kan hanyar neman itacen girki. A Agustan 2025 jirgin da ya ɗauko fiye da mutum 50 zuwa kasuwar Goronyo ya kife. A irin waɗannan lokuta maganar lodi ce ke fara fitowa daga bakin jami'ai. Sai dai lodi da lafiyar jirgi ba abubuwa biyu ba ne da za a raba. Yawan abin da jirgi ke iya ɗauka ba adadi ne da ke tsaye har abada ba, yana raguwa da shekaru. Katakon da ya sha ruwa ya fi sabo nauyi. Ruwan yoyon da ke kwance a ciki kaya ne, kowace jarka mai lita 20 nauyinta kilo 20, kuma mugun kaya ne da ba ya zama wuri ɗaya: jirgi na karkata, shi ma zai kwarara can ya ƙara danna shi. Mai fito da ya saba ɗaukar mutum talatin tun jirginsa na sabo zai ci gaba da ɗaukar talatin bayan shekara takwas, yaro na kwarfe ruwa da kwano tun daga tashi har sauka, shi kuma a ransa bai yi lodi ba. Abin da ya faru a Warrah ta jihar Kebbi ranar 26 ga Mayun 2021 ya isa hujja: jirgin da ya taso daga jihar Neja da fiye da mutum 150 ba kifewa kawai ya yi ba, rabewa ya yi a tsakiyar kogin Kwara, jami'ai kuma suka ce tsoho ne da aka yi wa lodi.

A Ingila akwai wata al'ada da ta cancanci a duba. Tun ƙarni na 18 mutanen ƙasar suka haƙa magudanan ruwa na jigilar kwal da kaya, suka ƙera musu siraran jirage da faɗinsu kimanin ƙafa 7 ne don su shige ƙofofin ruwan. Na farkon na katako ne, kuma abin da ake toshe su da shi ba zai ba masassaƙin Kwalkwalawa mamaki ba: zaren tsohuwar igiya, da haɗin kwalta mai zafi da gashin shanu da kashin doki. Yau yawancinsu na ƙarfe ne, mutane na zama a ciki ko yawon hutu, wasu kuma sun haura shekara 50 suna aiki, har akwai waɗanda suka wuce 100. Ba ƙarfen ne ya raya su ba, ƙa'idar lokaci ce. Duk shekara biyu ko uku ana fitar da jirgi daga ruwa, a kankare shi, a sake shafe shi da baƙin fenti mai kwalta, a duba dunƙulen maganiziyam da ake liƙa masa don tsatsa ta ci shi ta bar jikin jirgin. Duk shekara huɗu mai duba na musamman zai bi bututun mai da na iskar gas da wayoyin lantarki da abin kashe gobara, in ba takardarsa kuma hukumar Canal & River Trust, wadda ke riƙe da kimanin mil 2,000 na hanyoyin ruwa tun 2012, ba za ta ba da lasisi ba. Jirgin da ya tsufa kuwa, kamfanonin inshora kan nemi a auna kaurin ƙarfensa, inda ya sirance a yi masa waldar sabon faranti.

Mai ƙorafi zai ce wannan harkar masu kuɗi ce, a kan ruwan da ba ya gudu, inda doka ta hana wuce mil 4 a awa. Haka ne, kuma ba wanda ke cewa a kawo na'urar auna ƙarfe Goronyo. Amma ƙorafin ya juya kan mai yinsa: idan jirgin da ke ɗauke da mutum biyu a kan ruwa mai sanyin hali ana tilasta masa dubawa, yaya jirgin da ke ɗauke da rabin ƙauye a kan gulbin da ya cika ya batse, ga ruwan da ake saki daga madatsar Goronyo? Abin ɗauka daga wurinsu bai da tsada: ranar dubawa sananniya, mai dubawa wanda ba shi ne mai jirgin ba, da hana aiki ga wanda bai cika ba. Muna ma da abin da su ba su da shi, wato bazarar da gulbi ke janyewa fito ya yi sauƙi, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da za a kife kowane jirgi a inuwa, a cire faci a ga abin da ke bayansa, a sauya ruɓaɓɓen falanki, a sa ƙusa mai jure tsatsa, a ƙarfafa mazaunin inji.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na masu cewa a daina jirgin katako gaba ɗaya. Ministan harkokin teku, Adegboyega Oyetola, ya yi kira ga jihohi su kawar da shi su koma na fayiba da alminiyam, kuma gwamnatoci sukan raba irin waɗannan jirage da rigunan ruwa bayan hatsari. Niyyar mai kyau ce, jirgin fayiba kuma ba ya ruɓewa. Amma yana tsagewa idan ya daki dutse ko kututture, rana tana cin fatarsa, kuma gyaransa na buƙatar sinadarin da babu shi a kasuwar ƙauye da gwanin da ba a koyar ba tukuna. Jirgin katako ko ya fashe a Silame, akwai kafinta a Silame. Jirage ashirin ko hamsin na gwamnati ba za su maye gurbin ɗaruruwan da ke kowane mashigi ba, kuma dokar hani da ba a samar da madadinta ba fito za ta mayar na ɓoye, na asuba da na dare, wanda ya fi kisa. Sannan wanda bai saba fitar da jirginsa ya duba ba, ko na fayiba aka ba shi haka zai riƙe shi, injin da ke bayansa kuma iri ɗaya ne.

Saura batun wanda zai ɗauki nauyin. Hukumar NIWA, da aka kafa a 1997 mai hedikwata a Lakwaja, ita doka ta ba kula da hanyoyin ruwan cikin gida, amma ba ta da ma'aikacin da za ta ajiye a kowane mashigi na Rima, kuma jami'in da bai taɓa riƙe gizago ba ba zai gane amon ruɓaɓɓen katako ba. Waɗanda za su gane suna nan: Sarakunan Ruwa, tsofaffin masassaƙa, makanikan inji. Abin da ya rage shi ne a ba su iko a rubuce da ɗan alawus, a haɗa su da hakimai a ƙarƙashin Majalisar Sarkin Musulmi, jirgin da ya ci jarrabawa a zana masa layin fenti a jiki wanda ruwa ba zai haura ba, a rubuta shekarar, yadda ko tsohuwar da ba ta karatu za ta gani kafin ta sa ƙafa. Mai fito talaka ne, kuɗin fitonsa ba ya sayen falanki goma a tashi ɗaya, don haka wani kaso na kuɗin da ake kashewa wajen rabon jirage da ta'aziyya ya koma rancen katako da ƙusa da kwalta a bazara. Kira nake ga gwamnatin jihar Sakkwato da shugabannin ƙananan hukumomin da ke bakin gulbi: a fara wannan dubawa daga Kwalkwalawa da Goronyo da Shagari a watan Afrilu mai zuwa, kafin ruwan farko ya sauka.