Jokbo: Littafin Asali da Ya Ture 'Ya'ya Mata Gefe

A zamanin daular Joseon, wadda aka kafa a Koriya a 1392, masu mulki da ilimi da ake kira yangban ba sa wasa da salsala. Sunan dangi kaɗai ba ya isa, sai an haɗa da garin da kakan farko ya fito: Kim na Gimhae daban, Kim na Andong daban. Littafin da ke riƙe da wannan lissafi shi ne jokbo.

Mafi tsufa da ya kawo yau shi ne na dangin Gwon na Andong, wanda aka buga a 1476. Mai buɗe shi da zaton zai tarar da jerin maza zalla zai sha mamaki. An jera 'ya'ya ne bisa yadda aka haife su, mace ta riga namiji idan ita ce babba. Jikokin da suka fito ta wajen 'ya'ya mata an bi su zuriya bayan zuriya, har suka fi masu sunan Gwon yawa nesa ba kusa ba. Matar da ta sake aure, an rubuta mazanta biyu ba tare da jin kunya ba. Haka littafin dangin Ryu na Munhwa na 1565 yake. Ba mamaki: a lokacin ango kan tare a gidan surukansa, gado kuma raba-daidai ake yi tsakanin mace da namiji.

Daga ƙarni na 17 al'amarin ya juya. Koyarwar Konfushiyas ta kafu sosai, hidimar tunawa da kakanni ta koma hannun babban ɗa, kaso mafi tsoka na gado ya bi ta. Sai aka fara rubuta maza tukuna, mata daga baya, zuriyarsu kuma a datse ta. Wanda bai haifi namiji ba sai ya ɗauko ɗan ɗan'uwansa ya gaje shi, ko da yana da 'ya'ya mata cike da gida. 'Ya'yan ƙwarƙwara ma ana yi musu alama, kuma an daɗe ana hana su zama babbar jarrabawar shiga aikin gwamnati.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, ko a littattafan farko masu sassauci, ba a rubuta sunan 'ya mace. Sunan mijinta ake sawa a gurbinta. Uwar da ta goya ministoci ba ta da suna a littafin da ke alfahari da su. Duk da haka dangin uwa ba su rasa tasiri ba, domin mai zama jarrabawa dole ya rubuta magabatansa huɗu a kan takardarsa: uba, kaka, uban kaka, da mahaifin uwarsa.