A Wanke Tsohon Kuɗi Ko A Bar Shi Da Daddalarsa?

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani baje kolin kayan gargajiya da na halarta, inda wani ɗan'uwa mai sha'awar tara tsofaffin kuɗi ya shimfiɗa nasa a kan tebur. Ga anini, ga ɗari, ga kwabo mai huji, ga sisi da sule, kowanne sai walƙiya yake yi kamar yau aka buga shi. Jama'a na ta yabo. Da na tambaye shi sirrin, sai ya ce kwana biyu ya yi yana dirzarsu da toka da lemun tsami. Ni kuwa sai na ji gabana ya faɗi.

A nawa ganin, wannan ɗan'uwa ɓarna ya yi da kyakkyawar niyya. Duhun nan da ke hawa kan tsohon kwabo ba dauɗa ba ce. Fatar ƙarfen ce da kanta ta rikiɗa saboda iska da gumin hannu na shekaru, har ta zama garkuwa ga abin da ke ƙarƙashinta. Tsami yana cinye ta, toka kuma tana kankare ta, ta bar ƙananan zane-zane waɗanda duk mai madubin ƙara girma zai gani. Abin da ya tafi kuwa ba ya dawowa, shi ya sa dillalan irin wannan kaya suke karya farashin kuɗin da aka goge.

To amma asarar ba ta tsaya ga farashi ba. Ɗauki liyari, wato dalar azurfar nan mai hoton Mariya Tariza da ta daɗe tana yawo a kasuwanninmu. Sarauniyar ta rasu a 1780, amma aka ci gaba da buga kuɗin da wannan shekara a jikinsa, a Biyana da Landan da Rum da Bombai da wasu biranen. Saboda haka shekarar ba ta gaya maka kome. Masana na rarrabe bugu da bugu ne ta wasu 'yan mitsi-mitsin alamu, su ne kuwa dirza ke fara lashewa. Haka aninin farko na 1907, na sanholo ne, ƙarfe mai laushi; rubutun Larabcin da ke jikinsa ba zai jure wa toka ba. A teburin nan har da kwabon 1936 mai sunan Sarki Edward na Takwas, wanda bai cika shekara a gadon sarauta ba, an goge shi har harufan sun fara dushewa.

Mu ɗaliban adabi bai kamata abin ya zame mana baƙo ba. Daidai yake da mai kwafar tsohuwar waƙar ajami ya ga Sakkwatanci, ya ɗauka kuskure ne, ya “gyara” shi zuwa Kananci.

Ban ce kada a taɓa ko da wasa ba. Kuɗin da aka tono daga ƙasa ana iya jiƙa shi a ruwa tsarkakakke har lakar ta saki da kanta, a tsane shi da tattausan ƙyalle ba tare da cuɗawa ba. Akwai kuma wani koren gari mai barbaɗuwa da ke fitowa a jikin tagulla idan gishiri da danshi sun haɗu. Wannan ciwo ne mai cin ƙarfe, sai a kai wa ma'aikatan gidan tarihi. Na faɗa wa ɗan'uwan nan haka, ya ce akwai sauran rabin gwangwani a gida da bai kai ga wankewa ba. Na roƙe shi ya bar su yadda suke.