Kunnen Usta da Tsohuwar Fiat a Omdurman

Abin da ke kashe tsofaffin motocin Italiya a Turai tsatsa ce. A Khartoum da maƙwabciyarta Omdurman, a Sudan, ruwan sama kaɗan ne, iska busasshiya, don haka jikin mota yakan daɗe lafiya. Maƙiyanta a nan biyu ne: zafin Mayu da ke haura digiri 40, da guguwar habub mai tura ƙura cikin kowace kafa.

Ɗauki Fiat 124 Sport Coupé, mai ƙofa biyu, wadda aka ƙera daga 1967 zuwa 1975. Injinta aikin Aurelio Lampredi ne, wanda ya taɓa ƙera wa Ferrari injuna. Inji ne mai zafin nama, amma ba ya yafe sakaci. Bel ɗin roba mai haƙora ke sarrafa bawul ɗinsa, zafi kuwa yana busar da roba. In ya tsinke ana cikin tafiya, bawul na iya lanƙwashewa. Shi ya sa gwanin bakanike, wanda mutanen Sudan ke kira usta, ba ya jiran a ji ƙara. Yakan murɗa bel da yatsa, ya duba bayansa, ya ce a sauya.

Inda nake jinjina masa shi ne wajen kafireto. Babu kwamfutar da za ta faɗa masa komai. Sai ya tayar da inji, ya sunkuya, ya saurara, yana juya sukuru a hankali har numfashin motar ya daidaita. Sannan ya zare fulogi ya duba bakinsa: baƙi ƙirin na nufin mai ya yi yawa, fari fat na nufin iska ta rinjaya, inji zai yi zafi. Lagireto kuwa a buɗe shi ake yi, a zura tsinken ƙarfe a kowane bututu, a sake liƙewa da dalma.

Kayan gyara fa? Takunkumin da Amurka ta ƙaƙaba wa Sudan daga 1997 zuwa 2017 ya sa sayo kaya daga waje ya yi wuya. Usta ya san dangin motar. Lada ta Rasha daga Fiat 124 mai ƙofa huɗu aka samo ta, kamfanin Nasr na Masar ma Fiat ya riƙa harhaɗawa, saboda haka yakan laluba can. Abin da ya faskara, a kai wa mai injin sassaƙa ƙarfe a unguwar masana'antu. Irin wannan gwanintar ce ta mayar da Bedford ta Ingila babbar motar sahara da suke kira Sifinja, don taushinta a hanya.

A da, mai irin wannan Fiat sai ya yi haƙuri, ya wanke matatar iska bayan kowace habub, ya guji cunkoson gadar Farin Nilu da tsakar rana.

Yaƙin da ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilun 2023 ya tarwatsa wannan sana'a. An wawashe unguwannin masana'antu na Khartoum da Bahri, masu aikin hannu da yawa suka watsu zuwa Atbara, Port Sudan da Alƙahira.